Sharhi a kan fim ɗin Sweet Sweet Codeine: abin da ya nuna da abin da ya bari

A ƙarshen watan Afrilu 2018 BBC ta fitar da wannan fim na 'yar jarida Ruona Meyer. Nan da nan gwamnatin tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Ya kamata ɗalibin da ke koyon ba da shawara ya kalle shi, amma da idon basira.

Ƙarfin fim ɗin shi ne ya bi sawun kwalba daga hannun ma'aikatan kamfanonin magani har bakin matashi. Da yawanmu mun taso muna cewa shaye-shaye zunubin mai sha ne kaɗai. Fim ɗin ya nuna akwai masu cin riba a bayansa, su ma suna bukatar tuba.

Rauninsa yana wajen magani. Abin da ke zama a zuciyar mai kallo shi ne matasa ɗaure da sarƙa a wata cibiyar gyaran hali a Kano. Wanda ya saba da gidan mari zai ce ai haka ake yi. Wanda ya karanta littattafan Amurka zai ce cutar ƙwaƙwalwa ce, aikin likita ne kawai. Wani kuma zai ce aljanu ne, sai addu'a. Fim ɗin bai daidaita su ba, bai kuma nuna yadda mutum ke komawa cikin iyalinsa ba.

Haka kuma ya tsaya a birni, a kan kodin. Binciken UNODC da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne ke shan ƙwayoyi a Najeriya. Ɗan ƙwadagon da ke haɗiyar tiramol don ya jure aikin albasa ko shinkafa a fadamun Wurno da Goronyo ba ya cikin fim ɗin, alhali shi makiyayi zai fi gamuwa da shi.

Saboda haka, mai hidima, kada ka ɗauki sarƙa, kada kuma ka wanke hannu. Ka saurare shi ba tare da tozarta shi a gaban ikkilisiya ba, ka raka shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, ka zauna da iyayensa. Idan ya sake faɗuwa, ka sake zuwa.

Tambaya don tattaunawa: a ikkilisiyarku, wa zai fara sanin ɗan dattijo yana sha, kuma me zai yi da labarin?