Tagumin Mai Ilimi: Nazari kan Hoton Melencolia I

A shekarar 1514 ne Albrecht Dürer, mai zane ɗan birnin Nuremberg na ƙasar Jamus, ya sassaƙa wannan hoto bisa farantin jan ƙarfe. Mace ce mai fukafukai zaune, ta zuba tagumi. Littafi na rufe bisa cinyarta, abin zana da'ira na hannunta, amma ba ta aiki da shi. Zarto, guduma da ƙusoshi suna warwatse a ƙasa, ga wani ramammen kare kwance.

Ba jahilci ne ke damunta ba. Sikeli na rataye a bayanta, agogon rairayi na ƙirga lokaci. Duk abin da ke aunuwa ta auna shi, ta kuma tarar abin da take nema ba ya hawa ma'auni. Fukafukai gare ta, ga tsani jingine, amma ta kasa tashi.

Bisa kanta akwai hatimi mai gida 16, irin wanda malamanmu suka sani, kowane layi jimillarsa 34. Masanan Turai na lokacin sun ɗauke shi maganin baƙin ciki. Ita ko kallonsa ba ta yi. A layin ƙasa an rubuta 15 da 14, wato shekarar aikin, wadda a cikinta mahaifiyar Dürer ta rasu. Lissafin ya cika daidai, bai kuwa rage komi daga zafin rashin ba.

Malamin makarantar da zai nuna wa ɗalibai hoton nan, ya fara da idanunta: a buɗe suke tar, har yanzu suna bincike.