Tsakanin Allon Kwamfuta da Filin Arfa: Sharhi kan Ma'aunin Ƙwarewar Ɗaliban Jinya

Gabatarwa

A Saudiyya, ɗalibin jinya ba ya samun lasisin aiki sai ya ci jarrabawar Hukumar Kula da Ƙwararrun Fannin Lafiya, wadda ake yi ta kwamfuta a cibiyoyin Prometric. A Nijeriya kuma hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta tun 2015. Masu goyon bayan tsarin suna kafa hujja da saurin fitar da sakamako da toshe kafar satar amsa. Wannan maƙala ba ta musanta haka ba, amma tana ƙalubalantar ɗaukar makin a matsayin shaidar cewa ɗalibi ya shirya tsayawa kan majinyaci.

Fargaba Iri Biyu

Tun 1967 Liebert da Morris suka raba fargabar jarrabawa gida biyu: zullumin faɗuwa da ke cin zuciya, da tashin hankalin jiki irin su gumi da bugun ƙirji. Kwamfuta ta ƙaro nata: agogon da ke ƙirga daƙiƙoƙi a kan allo, da tsoron ɗaukewar wuta ko intanet. Ɗalibar da ta tashi da na'ura a hannu da wadda ta fara taɓa ta a makon jarrabawa ba gwaji ɗaya suke fuskanta ba, ko da tambayoyin iri ɗaya ne. Makin ta biyun yakan cakuɗa ilimi da rashin sabo, ita kuwa sai ta ɗauka ƙwaƙwalwarta ce ta gaza, gwiwarta ta yi sanyi.

Abin da Arfa ke Nema

A aikin Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya kuma suka tabbatar da rasuwar mutum 1,301. Ma'aikaciyar jinya a asibitin Namira ko na Jabalur Rahma ranar 9 ga Zulhijja ba a ba ta amsoshi huɗu ta zaɓa. Dattijo ake kawo mata da bugun zafin rana, wataƙila daga Maraɗi, ba ya jin Larabci. Sai ta gane ciwon, ta sanyaya jikinsa, ta nemo jijiya ta sa ƙarin ruwa cikin 'yan mintoci. Bandura ya nuna a 1977 cewa babban tushen yarda da kai shi ne mutum ya aikata abu da kansa ya ga ya yi nasara. Tambayoyin canki-canka ba su ba da wannan dama.

Kammalawa

Ya kamata makarantun jinya, daga Jami'ar Ummul Ƙura zuwa na Kano da Katsina, su saba wa ɗalibai da kwamfuta tun shekarar farko, sannan su ba gwajin aiki a aikace nauyi daidai da na allo. In ba haka ba, majinyaci ne zai biya kuɗin kuskuren ma'auni.