Sharhi: Taurarin Michelin da Cikin Baƙo a Paris

Littafin Michelin, wanda kamfanin tayar mota na Faransa ya fara bugawa a 1900, shi ne jagoran masu neman gidan abinci a Paris. Tun 1926 yake raba taurari, kuma masu bincikensa kan ci abinci ba tare da bayyana kansu ba, su biya kuɗinsu. Wannan abin yabo ne. Amma fa 'yan'uwa, taurarin nan na masu hannu da shuni ne. Ba su haska unguwar Chateau Rouge ba, inda 'yan Senegal da Mali ke dafa shinkafa da kifi da miyar gyaɗa, talaka ya ci ya ƙoshi. Jagoran da ya san fada kaɗai bai san gari ba. Baƙo ya tambayi 'yan gari, domin matambayi ba ya ɓata.