Kotia-Nima: Ƙwaryar Aro

Duk mai jin Dendanci a nan Malanville ya san ma'anar sunan littafin nan na Boubou Hama: yaro ne ake tambaya ko ya ji. Marubucin, haifaffen Foneko kusa da Tera (1906–1982), ya ji kuwa. Ya ba da labarin ɗan ƙauye da aka kai makarantar Faransawa, yana auna abin da ya karanta da abin da tsofaffi suka gaya masa. Nan ƙarfinsa yake: bai raina ko ɗaya ba.

Amma akwai abin da ke damuna. Wani lokaci zance yakan yi masa tsawo, har mai karatu ya kasa raba tarihi da almara. Mafi nauyi kuma, da Faransanci ya rubuta. Mai sayar da albasa a kasuwarmu da mai jirgi a Gaya, zancen kakanninsu ne, amma ba sa iya karanta shi. Wanda ya ari ƙwarya sai ya mayar. Mu da muka shiga lakwal, bari mu karanta musu shi da harshensu.