Yatsun Yaron Koriya da Tsagiyar Gogenmu

Ɗan ƙanwata ne ya miƙo mini wayarsa bayan la'asar, muna zaune a ƙofar gida nan Bahindi, ya ce, "Kawu, don Allah dubi wannan. Anya kuwa hannun mutum ne?" Na karɓa. Wani siririn yaro ne, gashi ya rufe masa goshi, yana zaune gaban baƙin fiyano wanda tsawonsa ya kusa na ƙaramin jirgin masunta. Ba mawaƙi, ba 'yan amshi, ba ganga. Yatsu goma kawai, suna gudu har ido ya kasa bin su. Sai da aka kira magariba na mayar masa da wayarsa.

Sunan yaron Yunchan Lim, ɗan Koriya ta Kudu, haihuwar 2004. A watan Yunin 2022, yana da shekara 18, ya cinye gasar Van Cliburn da ake yi a Fort Worth ta jihar Texas a Amurka, kuma ba a taɓa samun mai ƙarancin shekarunsa da ya ci ta ba. A zagayen kusa da na ƙarshe ya kaɗa darussa 12 na Franz Liszt a zama ɗaya, sama da awa guda, duk da ka. A 2024 kamfanin Decca ya fitar masa da faifan darussa 24 na Frédéric Chopin. Darasi na ce, domin asalinsu ke nan. Chopin ya fara tsara su bai cika shekara 20 ba, kowanne don ya horar da hannu a kan wata wahala guda. Akwai wanda ya ɗora nauyin gudu a kan yatsu uku mafiya rauni na hannun dama. Akwai wanda hannun dama ba ya sauka daga baƙaƙen maɓallai. Akwai wanda hagu ce ke shan wuya tun daga farko har ƙarshe. Amma ya zuba musu daɗin da ya sa mutane ke biyan kuɗi su saurari abin da aka yi don koyo.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kalmar fiyano kanta. Mu nan in aka ce fiyano, ba wannan ake nufi ba. Ana nufin Yamaha mai lantarki da ke ɗakunan haɗa waƙa na Kano, wadda ta mamaye waƙar Hausa tun wajajen 1999, lokacin da fim ɗin Sangaya ya fito. Ka danna nan ta ba ka kalangu, ka danna can ta ba ka sarewa ko wani abu mai kama da goge, ta riƙe kiɗan da kanta tana maimaitawa. Yanzu ma kwamfuta ta karɓe rabin aikin. A can fiyano ma'aunin hannu ce. A nan ita ce ta sallami hannu.

Ba na ƙin waƙoƙin fiyano. Sun ba dubban matasa abinci, sun buɗe ƙofa ga wanda bai gaji kiɗa ba, kuma ina sauraren Nura M. Inuwa kamar kowa. Wanda kuma ya bar kiɗa gaba ɗaya saboda addini, ina girmama shi, ba da shi nake ba. Da mu nake, masu ɗauko DJ da janareta ranar biki, mu kwana ana tashin unguwa, alhali a cikinmu da wuya a sami mai iya faɗin sunan wanda ya kaɗa ko ɗaya daga waƙoƙin da aka sa.

Da ba haka muke ba. Ina ƙarami akwai wani tsoho da kan ƙetaro daga ɓangaren Benin lokacin kaka, bayan an yanke shinkafa, da gogensa cikin jakar fata. Da Dandanci yake waƙa, ya ɗan surka da Hausa, amma ba waƙar ce ke tara mutane ba. In ya shafa ƙaro a tsagiya ya gwada ja biyu, ko mai awo a kasuwa sai ya ɗaga kai. Duk wanda ya taɓa riƙe goge ya san wuyarsa. Ƙwarya ce da fatar guza da tsagiyar doki, tsirkiya ɗaya tal, ba wata alama da za ta nuna wa yatsa inda zai sauka. Fiyano tana da maɓallai 88, kowanne an riga an daidaita muryarsa. Mai goge kuwa kunnensa ne kaɗai jagoransa, in yatsa ya goce da faɗin ƙwayar gero, kowa a wurin zai ji. Tsohon nan yakan sa goge ya yi kuka kamar mai jego da aka yi wa rashi, can kuma ya juya shi ya yi guɗa. Ya rasu, kuma ko minti ɗaya na kiɗansa babu a kaset ɗin kowa da na sani.

Wani abin da ya kamata matasanmu su ji: wannan gudun yatsu na fiyano da ke ba su mamaki, daga mai goge ya samo asali. A 1832, a birnin Paris, Liszt yana saurayi ya ga Niccolò Paganini, mutumin Italiya, yana kaɗa gogen Turawa. Abin ya gigita shi, ya koma ɗaki ya duƙufa, da ƙudurin sai ya yi wa fiyano abin da Paganini ya yi wa goge. Paganini kuwa cikin abubuwan da ya yi suna da su har da kaɗa waƙa sukutum a kan tsirkiya ɗaya. Mutanen zamaninsa suka riƙa raɗe-raɗin cewa da shaiɗan ya ƙulla. Wa wannan bai tuna wa da abin da ake faɗa a kan masu gogenmu da bori ba? Su can zargin ya wuce, gwanintar ta zauna. Mu nan zargin ne ya zauna.

Ba baiwa suka fi mu ba. Wanda ya ji kukumar Garba Supa ko ta Ahmadu Doka, ko gurmin Haruna Uji, ko yadda Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, yake fitar da zance daga kuntigin da bai fi tafin hannu ba, ba zai yarda da wannan ba. Abin da suka fi mu shi ne sun ware kiɗan kansa sun ba shi daraja, ko babu baki a kansa. Darussan nan na Chopin, Alfred Cortot ya ɗauke su a faifai a shekarun 1930, Maurizio Pollini ya sake a 1972, ga Lim a 2024, kuma masu saurare suna jera su suna musu a kan wa ya fi taushin hannu a wuri kaza. Kowane yaro mai tasowa ya san dutsen da zai hau. Mu kuwa mun ɗauki makaɗi maroƙi, kiɗansa tabarma ce da ake shimfiɗa wa yabo. In mai kuɗin da ake wasawa ya tashi, sai a naɗe.

Akwai haɗari a wannan hanya tasu, ban ɓoye ba. Gasa tana haifar da yara masu gudu kamar injin niƙa, ba ruhi. Ni kaina a faifan Lim ba masu gudun ne suka fi kama ni ba. Darasi na bakwai a kashi na biyu na faifan ne, mai tafiyar hawainiya, inda hagu ke rera wani abu mai nauyi, dama tana ba ta amsa a hankali. A nan na ji tsohon nan na Dandi.

Ana iya ceto abin in an so. A Nijar, Malam Mamman Barka, gwanin gurumi, ya tafi bakin tafkin Chadi a 2002 ya zauna gaban Bukar Tar, tsohon da ake ganin shi ne na ƙarshe cikin masu kaɗa biram na Buduma, ya koya, ya fitar da faifai a 2009. Barka ya rasu a 2018, amma muryar biram tana nan ga mai nema. Mu ma a Kebbi muna da wurin da za a fara. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake yi tun 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016, yana da gasar ninƙaya da tseren jirage da kamun agwagwa. Me zai hana a ƙara gasar goge da molo da garaya da sarewa ta 'yan ƙasa da shekara 25, ba waƙa, ba kirari, hannu zalla, a gayyato har na Gaya ta Nijar da Malanville ta Benin, wanda ya ci a kai shi ɗakin ɗaukar sauti na ƙwarai a fitar masa da faifai da sunansa a kai?

Ban jira gwamnati ba. Akwai wani yaro Bafulatani da ke shigowa ranar kasuwa daga wajen Ka'oje, yana kaɗa molo a gindin bishiya in ya gama sayar da abin da ya kawo. Makon jiya na ja ɗan ƙanwata muka je, na roƙi mai caji da ke kusa ya kashe injinsa na ɗan lokaci. Yaron ya tambaya wa zai wasa. Na ce, "Ba kowa, samari. Kaɗa abin da kake kaɗa wa kanka in kana daji." Ya yi shiru yana kallona, sannan ya ɗaure tsirkiya. Minti goma sha ɗaya muka ɗauka. Da muka koma gida, ɗan ƙanwata ya sa sau uku, a na ukun yana tsayarwa yana mayarwa baya, wai yana son ya ga yadda babban yatsa ke yi.