Dokokin Fiziks da Da'awar Cewa Duniya Kwaikwayon Kwamfuta Ce: Sharhi da Tsokaci

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta auna wata da'awa da ta bazu ƙwarai a 'yan shekarun nan, har ta kai ɗalibanmu na kwalejojin ilimi suna kawo ta aji a matsayin abin da kimiyya ta riga ta tabbatar. Da'awar kuwa ita ce wai dokokin fiziks suna nuna cewa duniyar nan lissafi ce kurum da wata gagarumar kwamfuta take yi, mu kuma da muke zaune a wannan zaure tamkar mutanen cikin wasan kwamfuta muke. In muka ce duniya a nan, muna nufin ƙasa da rana da taurari da dukan sararin da ya ƙunshe su. In kuma muka ce kwaikwayo, muna nufin irin aikin da na'ura take yi sa'ad da ta lissafta yadda wani abu zai gudana ba tare da abin ya faru ba, kamar yadda ake lissafa yanayin gobe tun yau.

Abin da ya sa muka ɗauki maganar da muhimmanci shi ne, ɗalibin da ke gabanmu yau shi ne malamin sakandare na gobe. Idan ya fita daga hannunmu bai iya raba kwatance da hujja ba, to haka zai koyar.

Asalin da'awar

Shakkar ko abin da muke gani gaskiya ne tsohuwar aba ce. Imam al-Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tattauna ta a littafinsa al-Munƙiz minal Dalal ta hanyar misalin mai barci da ke gaskata mafarkinsa, Descartes na Faransa kuma ya sake tayar da ita a 1641. Shigar kwamfuta cikin zancen ita ce sabuwa. Konrad Zuse, injiniyan Jamus da ya ƙera na'urar Z3 a 1941, ya fitar da littafi a 1969 yana cewa sarari kansa lissafi yake yi. Amma wanda ya ba maganar siffar da aka san ta da ita yau shi ne Nick Bostrom, ɗan Suwidin, a maƙalarsa ta 2003 a mujallar Philosophical Quarterly, lokacin yana Jami'ar Oksfod.

Bostrom ya ce ɗayan abubuwa uku lalle gaskiya ne. Ko dai al'ummu irin tamu suna halaka kafin su kai ga ƙera kwamfutar da za ta iya kwaikwayon mutane masu hankali. Ko suna kaiwa amma ba sa sha'awar yin haka. Ko kuwa, in sun kai kuma sun yi, to mutanen kwaikwayo za su fi na asali yawa nesa ba kusa ba, saboda haka zato mafi ƙarfi shi ne muna cikin na kwaikwayon. Ya kamata mu yi wa mutumin adalci. Bai ce na ukun ne gaskiya ba, kuma bai kafa hujja da wani gwaji na fiziks ba. Lissafin yiwuwa ya yi, bisa sharaɗin cewa hankali zai iya samuwa a cikin na'ura kamar yadda yake samuwa a ƙwaƙwalwa. Wasu ne daga baya suka yi wa kandu baki. Attajirin nan Elon Musk ya faɗa a 2016 cewa yiwuwar muna cikin duniyar asali ɗaya ce cikin biliyoyi, daga nan kuma aka shiga tsintar "alamu" a littattafan fiziks. Waɗannan alamu su ne abin sharhinmu.

Gudun haske

Alama ta farko da ake kawowa ita ce babu abin da ke wuce gudun haske, watau mita 299,792,458 a daƙiƙa guda. Aka ce wannan iyaka ita ce iyakar saurin na'urar da ke lissafa mu.

Maganar tana da daɗin ji, sai dai ba ta jure tambaya. Wanda ke cikin kwaikwayo ba shi da hanyar sanin saurin na'urar da ke ɗauke da shi, domin in ta yi jinkiri, tunaninsa da agogonsa da bugun zuciyarsa duk tare za su yi jinkiri. Daɗin daɗawa, kwamfuta irin wadda muka sani agogo guda gare ta, kowane sashe nata da bugunsa yake tafiya. Ka'idar da Einstein ya kawo a 1905, wadda ita ce tushen wannan iyaka ta haske, cewa ta yi babu wani agogo guda da ya game duniya. Abu biyu da wani ya ga sun faru lokaci ɗaya, wani mai tafiya zai ga ɗaya ya riga ɗaya. An auna wannan saɓani na agogo: na taurarin ɗan Adam na GPS suna riga na ƙasa da kimanin kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa kowace rana, kuma dole a gyara wannan kafin wayar hannu ta nuna wa mutum inda yake. Ashe alamar da aka kawo ta fi kama da shaidar abokin hamayya.

Sarari mai ɗigo-ɗigo

A nan ne da'awar ta fi ƙarfi, a nan kuma za mu daɗe. Aka ce fiziks ɗin kwantum, wanda Max Planck ya buɗe ƙofarsa a 1900, ya nuna cewa kome gutsi-gutsi yake, kuma akwai wani tsawo mafi ƙanƙanta, tsawon Planck, wanda shi ne ɗigon hoton allon duniya. Ƙanƙantar tsawon nan ta wuce misali: a rubuta sifili da ɗigo, a jera sifili 34, sa'an nan a sa 16, to wannan kason na mita shi ne.

An cakuɗa abu biyu a nan. Gaskiya ne ilektiron da ke cikin ƙwayar zarra ba ya ɗaukar kowane irin ƙarfi sai wasu matakai ƙayyadaddu. Amma mu dubi tsirkiyar garaya. Tsirkiyar a miƙe take sambal, babu gaɓa a jikinta, duk da haka in an kaɗa ta wasu amo ƙayyadaddu take bayarwa, saboda an ɗaure ta a kai da gindi. Haka lissafin Schrödinger na 1926 yake: a kan sarari marar gaɓa aka rubuta shi, matakan kuwa daga ɗaurin suke fitowa. Ilektiron da ya kuɓuta daga zarra yana iya ɗaukar kowane adadi na ƙarfi. Tsawon Planck kuma an samo shi ne ta haɗa lambobi uku na asali, watau gudun haske da lambar Planck da lambar jan nauyi. Yana nuna inda ka'idojinmu na yanzu suke gazawa. Babu wanda ya taɓa auna shi ya tarar da gaɓa.

Kai, ko da a ce an tarar, me zai biyo baya? Malaman ilmin kalam irin su al-Baƙillani, wanda ya rasu a 1013, sun tafi a kan cewa jiki yana ƙarewa ga ƙwayar da ba ta rabuwa, alhali ba su taɓa jin labarin kwamfuta ba. Kasancewar abu gutsi-gutsi daban, kasancewar wani yana lissafa shi a na'ura daban.

Abin yabo a wannan babi shi ne aikin Silas Beane da Zohreh Davoudi da Martin Savage na 2012, domin su sun yarda su kai maganar inda za a iya ƙaryata ta. Masana fiziks da kansu sukan kwaikwayi cikin ƙwayar zarra ta hanyar yanka sarari ya zama raga mai ƙananan gidaje. Sai waɗannan uku suka tambaya: in duniyarmu a kan irin wannan raga take, wace alama za ta bari? Amsar tana ga masaƙi. Tabarma tana da tsaye tana da kwance, kuma wanda ya bi ta a karkace zai ji bambanci da wanda ya bi layin saƙa. Saboda haka ƙwayoyin da ke zuwa daga sararin samaniya da ƙarfi mafi tsanani ya kamata su fi son wasu fuskoki da suka dace da layukan ragar. Cibiyar Pierre Auger ta ƙasar Ajantina, mai faɗin murabba'in kilomita 3,000, ta ba da rahoto a 2017 cewa irin waɗannan ƙwayoyi sun ɗan fi yawa daga ɓangare guda na sama, abin da aka fassara da cewa daga wajen gungun taurarinmu suke fitowa. Wannan ba fasalin raga ba ne. Raguwar da ake gani a ƙwayoyi mafiya ƙarfi kuma, tun 1966 Greisen da Zatsepin da Kuzmin suka yi hasashenta ta hanyar fiziks na yau da kullum.

Akwai gwaji na biyu. Ran 10 ga Mayu, 2009, tauraron ɗan Adam mai suna Fermi ya kama hasken wata fashewa da ya yi tafiyar kimanin shekara biliyan 7. Da sarari yana da kaushi irin mafi sauƙi da ake zato, da haske mai ƙarfi da marar ƙarfi sun rabu a hanya, kamar yadda amalanke da keke ba sa isa tare a kan hanya mai gargada. Sai ga shi ƙwayar haske mafi ƙarfi ta iso cikin ƙasa da daƙiƙa guda daga farkon fashewar. Wannan bai kore kowane irin kaushi ba, amma ya kore wanda ya fi sauƙin zato, har zuwa ma'aunin Planck.

Sai an duba ake zanawa

Alama ta uku an ɗauko ta ne daga wasannin kwamfuta, inda na'ura ba ta zana ɗaki sai ɗan wasa ya shiga, don ta rage wa kanta aiki. Aka ce haka ƙwayar kwantum take, ba ta da matsayi guda sai an dube ta. Kalmar "duba" ce ta yi ɓarna a nan. A wurin masana, abin nufi shi ne haɗuwar ƙwayar da na'urar awo ko da iskar da ke kewaye da ita, ko da mutum a ɗakin ko babu.

Batun rage aiki kuwa, akasinsa ne gaskiya. Richard Feynman ya yi bayani a laccarsa ta 1981, wadda aka buga a 1982, cewa kwaikwayon tsarin kwantum a kwamfuta ta yau da kullum yana ninkuwa da kowace ƙwaya da aka ƙara. Ƙwaya ɗaya mai hali biyu tana bukatar lamba 2, biyu suna bukatar 4, goma suna bukatar 1,024. In an kai ƙwaya 300, adadin ya haura 1 mai sifili 90 a bayansa, alhali zarrar da ke cikin dukan sararin da muke iya hangowa an ƙiyasta ta da 1 mai sifili 80. Mai neman sauƙi ba zai zaɓi wannan hanya ba.

Mafakar ƙarshe

In an kawo waɗannan, amsar da ake ba mu guda ce: ai duniyar waje tana da nata dokoki, kwamfutarsu ba irin tamu ba ce, kuma in mun kusa gano su sai su goge abin daga ƙwaƙwalwarmu. Bostrom ma ya ambaci yiwuwar wannan gogewa. To, a nan ne muke ganin ginin ya rushe da hannun maginansa. Da'awar da ta dace da kowane sakamako, a ga raga a ce shaida, a rasa raga a ce an ɓoye, ta fita daga abin da gwaji zai iya yanke wa hukunci, kamar yadda Karl Popper ya nuna tun 1934. Har ila yau, lissafin Bostrom na yawan mutanen kwaikwayo an gina shi ne a kan ƙiyasin abin da kwamfuta za ta iya bisa dokokin fiziks namu. In dokokin nan ƙage ne na cikin wasa, ba su gaya mana kome game da na'urorin waje ba, ke nan an sare reshen da ake zaune a kai.

Ba mu ce babu alaƙa tsakanin fiziks da bayani ba. Rolf Landauer ya nuna a 1961 cewa goge bayani a na'ura dole ya fitar da zafi. Jacob Bekenstein ya nuna a farkon shekarun 1970 cewa bayanin da baƙin rami na sararin samaniya yake ƙunsa yana tafiya ne da faɗin fuskarsa. Seth Lloyd kuma ya ƙiyasta a 2002 cewa in an ɗauki duniya a matsayin na'ura, ayyukan lissafin da za ta iya yi tun farkonta ba su wuce 1 mai sifili 120 ba. Waɗannan sakamako ne masu nauyi, kuma sun cancanci shiga manhajarmu fiye da labarin fim ɗin The Matrix na 1999. Amma abin da suka nuna shi ne ana iya siffanta duniya da harshen lissafin na'ura. A ƙarni na 17 Robert Boyle ya kwatanta duniya da babban agogon birnin Strasbourg, kwatancen kuma ya yi amfani ƙwarai wajen fahimtar tafiyar taurari, amma babu wanda ya ɗauki madubin hangen nesa ya fita neman mabuɗin da ake waina ta da shi. Bambancin da ke tsakanin agogon Boyle da kwamfutar yau shi ne ita tana cikin aljihun kowane ɗalibi, kullum yana kallonta, shi ya sa kwatancen ya fi saurin shige masa.