Jinjina ga Ungozomomin Karkara

A 2009 gwamnatin Najeriya ta fara tura ungozomomi, sababbin hannu da 'yan fansho, zuwa ƙananan asibitocin ƙauyuka. An kasa nauyinsu gida uku: Tarayya ta biya albashi, jiha ta ƙara alawus, ƙaramar hukuma ta ba da masauki. Sau da yawa kason jiha da na ƙaramar hukuma yakan maƙale watanni. Duk da haka da yawansu sun daure, suna awon ciki da rana, suna karɓar haihuwa da tocila cikin dare, suna gane jijjiga da zubar jini da wuri su tura mace babban asibiti. Sannunku da aiki, Allah ya saka da alheri. Hukuma kuma ta biya ku haƙƙinku a kan kari.